Bayan an yi wa muƙamuƙi aiki

Yara, kowa ya ɗora yatsa a gaban kunnensa. To, ku buɗe baki, ku rufe. Kun ji wani abu yana motsi? Nan ne mahaɗar muƙamuƙi. Muƙamuƙin sama ba ya motsi, na ƙasa ne ke sauka yana hawa. Da shi muke tauna, da shi muke magana da hamma. Mai lafiya yana iya sa yatsunsa uku a jere tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. Ku gwada, amma sai da hannu mai tsabta.

Wani lokaci likita yana yi wa muƙamuƙi aiki. A nan Damagaram abu biyu za mu duba. Na farko karaya ce: mutum ya faɗo daga babur, ko daga bisa itace, ko jaki ya harbe shi. Na biyu wani ciwo ne da ake kira noma.

Kada ku yi dariya, ba noman gero ba ne! Sunan daga harshen Girka ya fito, yana nufin abin da ke cin nama yana yaɗuwa. Ciwon ya fi kama yara masu shekara 2 zuwa 6, waɗanda tamowa ko ƙyanda ko masassara ta raunana. Yana farawa daga dasashi. Dasashin ya yi ja, ya dinga jini, baki ya yi wari. Sai kunci ya kumbura. Cikin ƴan kwanaki fatar ta yi baƙi, naman ya mutu, ya bar rami a fuska. Waɗansu suna cewa iska ce ta taɓa yaron. Ba iska ba ce, ƙwayoyin cuta ne, kuma maganin likita yana tsai da su in an je da wuri. In ba a je ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen tara cikin goma suna mutuwa. A watan Disamba na 2023 hukumar ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Yaron da ya rayu, ciwonsa yakan warke ya bar tabo. Tabo kuwa yana janyewa kamar ɗanyar fata da aka bari a rana. Sai ya ɗaure muƙamuƙin ƙasa da na sama, har bakin ya ƙi buɗuwa. Irin wannan yaro da yatsa yake tura tuwo ta gefen haƙora.

A 1992 wata ƙungiya ta ƙasar Suwis mai suna Sentinelles ta buɗe gidan kula da masu noma a garinmu. Edmond Kaiser ne ya kafa ƙungiyar a 1980. An kai waɗansu yara Yamai, tafiyar wajen kilometir 900, an yi musu aiki. Waɗanda aikinsu ya fi wuya an kai su har Janeba. A Sakkwato ma akwai asibitin masu noma, an buɗe shi a 1999.

Ba a gaggawar yin aikin. Sai ciwo ya warke sarai, yaro ya ci ya murmure. Ranar aiki, a ba shi maganin barci, ba ya jin kome. Likita ya yanke tabon, ya raba ƙashin in ya haɗe. Sa'an nan ya ɗebo fata daga wani wuri na jikin yaron, kamar wuya ko ƙirji, ya rufe ramin da ita.

Da ya farka, fuska ta kumbura. Kumburin yana ƙaruwa har kwana biyu ko uku, sa'an nan ya soma saɓewa. Uwa takan tsorata in ta gani, amma haka abin yake. Ana kwantar da shi da matashi mai tudu, domin kai ya ɗara ƙirji bisa. Ana ba shi maganin zafi da na ƙwayoyin cuta. Da fari ba ya ci da baki. Wani siririn bututun roba ake sawa ta hanci har cikin tumbi, a zuba madara da kunu ta nan. Daga baya ya koma shan abu mai ruwa da ƙaramin cokali. Bayan kowane abinci sai a wanke bakin, domin guntun abinci da ya maƙale a ɗinki yana kawo ruɓa.

Yanzu ku saurara da kyau. Mai karaya da mai noma, jinyarsu ba ɗaya ba ce. Mai karaya, sau da yawa likita yana ɗaure haƙoransa na sama da na ƙasa da waya. Bakin zai zauna a rufe mako huɗu zuwa shida, har ƙashi ya ɗinke. Kun san yadda maɗori ke ɗaure karyayyar ƙafa da karare, to, haka nan ne. Shi aikinsa haƙuri: kada ya kwance wayar, kada ya yi ƙoƙarin tauna. In amai ya taso masa, a sunkuyar da kansa maza, a kira mai jinya.

Mai noma kuwa, nasa aikin buɗewa ne. Wurin da aka yanka zai yi sabon tabo, sabon tabon ma yana son ya janye. Saboda haka ake koya masa motsa baki. Ana jera ƴan faffaɗan itatuwa, irin waɗanda likita ke danne harshe da su, a sa tsakanin haƙora. Yau biyar, in an kwana biyu a ƙara ɗaya. Ana yi sau da yawa kowace rana, ana auna faɗin bakin ana rubutawa. Akwai zafi, yaro yana kuka. A ganina nan ne wuri mafi wuya, ya fi ranar aikin kanta. A asibiti akwai mai tsare shi ya yi. A gida fa? Uwa ta ji tausayi ta ce a bari sai gobe, gobe ta zama jibi. Cikin ƴan watanni baki ya sake rufewa, wahalar Yamai ta tashi a banza. Wannan motsi ana yin shi watanni da yawa, wani ma shekaru.

Jiki ba ya ɗinke rauni da ruwan kunu kaɗai. A dama kunun da madara ko gyaɗa. A dafa wake ya yi lugub, a tuƙe shi. A ba shi ƙwai, da romon nama, da miyar zogale da aka tace. Fura sai an dama ta sosai, ba gudaji. Tunda ba ya iya cin mai yawa, a ba shi kaɗan kaɗan, sau biyar ko shida a yini. Kilishi da ƙuli-ƙuli da rake su dakata tukuna. Abinci kada ya yi zafi, gama leɓen da aka yi wa aiki yakan daɗe ba ya ji sosai, yana iya ƙonewa yaron bai sani ba.

Don kurkure baki, a tafasa ruwa, a bari ya huce, a sa rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin kofi guda. Kada a shafa toka ko wani gari a ɗinkin. In jiki ya yi zafi, ko wurin ya yi mugunya, ko jini ya ƙi tsayawa, ko numfashi ya yi wuya, a koma gidan likita a ranar. Ranar da likita ya sa a dawo, ko yaro lafiya lau yake, a kai shi.

Saura ku. Wata rana yaron zai shigo aji da tabo a fuska. Wataƙila miyau yana zubo masa, wataƙila waɗansu baƙaƙe kamar "b" da "m" suna yi masa wuya, domin sai an haɗa leɓɓa ake faɗinsu. Noma ba ya tsallakawa daga wani zuwa wani. Kuna iya zama da shi a benci guda, ku ci a kwano guda. In yana karatu ya tsaya, kada ku ƙarasa masa kalmar, ku jira shi. In lokacin hutu ya yi, ɗayanku ya tambaye shi ko ya sa itatuwansa yau.