Yadda Ake Ɗinka wa Maigida 'Yar Shara a Gida

Idan zafin bazara ya kankama, namiji ba ya buƙatar komai a tsakar gida kamar 'yar shara: riga marar hannu, sakayau, wadda iska ke ratsawa. Ɗinkinta bai kai a bi layin tela ba. Matar da ke da keke a ɗaka, ko Butterfly ne ko tsohon Singer na gado, za ta iya gama ta tsakanin azahar da magariba.

Ki fara da yadi. Ki nemi na auduga zalla, mai laushi, ki guji mai santsin roba, domin yana riƙe gumi. A Kantin Kwari da sauran kasuwanni, yadi ɗaya inci 36 ne. Rigar da za ta sauko kusa da gwiwa tana cin yadi biyu da kwata, tunda gaba da baya a haɗe za a yanka su. Kafin almakashi ya taɓa shi, ki jiƙa shi, ki shanya, ki goge. Auduga tana tsukewa a wankin farko, kuma wadda ta tsallake wannan mataki takan ga rigar miji ta koma ta ƙaninsa.

Sai awo. A ganina, rigar da ya fi yawan sawa ta fi tef faɗin gaskiya, don ita ce jikinsa ya riga ya amince da ita. Ki shimfiɗa ta ki auna. Idan kuwa jikinsa za ki auna, ki zagaya ƙirji, ki ƙara inci 8 na walawa. Mai ƙirji 40 ya zama 48 ke nan. Ki raba gida huɗu, ya ba ki 12, ki ɗora rabin inci na ɗinki.

Dalilin rabawa huɗu shi ne ninki. Ki ninka yadin biyu ta tsawo, yadda bakin ninkin zai zama kafaɗa, sannan ki sake ninkawa ta faɗi. Daga ninki na biyu ki auna 12 da rabi, ki ja layi da alli har ƙasa, ki yanke.

Wuya ne wurin da ake yin ɓarna, don haka a nan za ki natsu. A kusurwar da ninki biyun suka haɗu, ki auna inci 3 ta kafaɗa, inci 1 zuwa ƙasa, ki zana lanƙwasa, ki yanke. Wannan wuyan baya ne. Ki warware ninkin kafaɗa, ki ƙara zurfin gaba shi kaɗai zuwa inci 3. Kullum ki yanka ƙasa da abin da idonki ya raya miki. Ƙaramin wuya ana faɗaɗa shi, wanda ya yi faɗi kuwa ba ya dawowa. Daga ragowar ƙyalle ki fitar da shafi mai siffar wuyan, da harshe da zai sauko inci 8 a gaba. Ki haɗa shafin da rigar fuska da fuska, ki bi zagayen wuya da ɗinki, ki sauko ta tsakiyar harshen inci 6, ki juyo ki hau. Sai ki tsaga tsakanin layukan biyu, ki ɗan tsattsaga bakin lanƙwasar ba tare da kin taɓa zare ba, ki juya shafin ciki, ki danne da dutsen guga. Waɗannan ƙananan tsagogi su ne ke hana wuya tattarewa.

Aljihu ki ɗora shi yanzu, a ƙirjin hagu, tun rigar tana shimfiɗe, ki maimaita ɗinki a bakinsa saboda nauyin waya.

Abin da ya rage mai sauƙi ne. Ki bar inci 10 daga kafaɗa don hammata, ki ɗinke gefe da gefe, ki tsaya saura inci 6 a ƙasa domin tsagar da za ta ba shi damar tanƙwashe ƙafa a kan tabarma. Ki kalmashe bakin hammata da tsagar. Kalmasar ƙasa kuwa ki dakata da ita sai ya dawo daga masallaci ya gwada, ya ɗaga hannu, ya zauna, sannan ki sa alli a inda ya ce ta yi masa.