Alat Bai Zo Ba: Abin da Ke Faruwa a Layin da Ba a Gani

Ana saura kwana uku Babbar Sallah na yi tsayuwar kusan minti arba'in a gaban wani mai yadi a Kantin Kwari, shaddar da na saya tana ƙunshe cikin leda a kan benci tsakanina da shi. Na tura kuɗi, wayata ta nuna an cire, tasa kuwa shiru. Ya ɗaga ta sama, ya kashe ya kunna, ya goge fuskarta da bakin riga. "Malam, ka yi haƙuri," in ji shi, "ba wai ban yarda da kai ba ne, amma sai na ga alat." Na ce, "Alhaji, gaskiyarka." Wani dattijo da ke gefe yana jan carbi ya sa baki: "Ai da gangan suke yi. Riƙe kuɗin suke su juya, sai sun ci riba su sake shi."

Wannan magana ta dattijo ta zama ruwan dare tun farkon 2023, lokacin da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya sa tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, aka tura kowa kan taransifa, har mai ƙosai da mai faskare. Duk ƙarshen wata da jajibirin Sallah sai ta dawo sabuwa. Ba kare bankuna nake yi ba, suna da nasu laifin kuma zan zo kansa. Abin da ke damuna da jita-jitar shi ne tana sa mutane shan maganin da ba na cutar ba. Wanda ya ɗauka wani ne ya danne masa kuɗi, abin da zai fara yi shi ne ya sake danna "tura", kuma babu abin da ya fi wannan jawo asara.

Kuɗi ba ya tafiya cikin waya. Abin da ke tafiya saƙo ne, daga wannan kwamfuta zuwa waccan, yana cewa a rage nan a ƙara can. Tsakanin bankunan Najeriya hukumar NIBSS ce ke tsaye a tsakiya, da tsarinta na biyan kuɗi nan take da ta ƙaddamar a 2011. Amma ciniki ɗaya yakan haifi saƙonni da yawa a cikin bankin kansa: na rubuta lissafi, na aika tes, na aika imel, na masu sa ido kan damfara. A manyan ma'aikatu na duniya, bankuna da kamfanonin jirage da na sadarwa, ba a barin kwamfutoci su riƙa miƙa wa juna irin waɗannan saƙonni hannu da hannu, domin in ɗaya ta tsaya sai duka su tsaya. Ana sa wata manhaja a tsakani, wadda masu sana'ar ke kira dillali. Kamfanin IBM ya fitar da tasa, MQSeries, a 1993. A 2003 aka fara tsara wata ƙa'ida mai suna AMQP a bankin JPMorgan Chase don dillalai dabam-dabam su fahimci juna, daga baya RabbitMQ ta fito a 2007, Kafka kuma, wadda aka ƙera a kamfanin LinkedIn, aka sake ta ga kowa a 2011. Sunayen suna da yawa, amma hanyoyin ajiye saƙo biyu ne: layi, da kuma abin da suke kira tofik, wanda ni zan ce masa dandalin shela.

Layi kowa ya san shi, in dai ya taɓa kai niƙa. Yarinya ta kawo kwanon dawarta ta ajiye a bayan na wasu ta koma gida, ba sai ta tsaya ba. Injin uku ne a wurin, duk wanda ya gama sai ya ɗauki kwano na gaba. Kwano ɗaya injin ɗaya ke niƙa shi, sau ɗaya. In an ɗauke wuta kwanukan ba sa ɓacewa, jeruwa suke yi har bakin titi. Haka saƙo yake a layi: mai aikawa ya ajiye ya wuce, masu karɓa su ɗauka gwargwadon ƙarfinsu. To, a ce saƙo 100 ke shigowa kowace daƙiƙa, masu karɓa kuma 80 kawai suke iya ɗauka. A minti ɗaya an bar 1,200 a baya, a awa ɗaya 72,000. Ko da kasuwa ta lafa, masu shigowa suka ragu zuwa 60, sai an ƙara awa guda cur kafin a share abin da ya taru. Shi ya sa alat ɗin cinikin la'asar ke tashin mutum daga barci ƙarfe biyun dare. Ba wanda ya riƙe shi, a layi ya kwana.

Dandalin shela kuwa ɗabi'arsa dabam. Nan sanƙira ne ya tsaya ya yi sanarwa sau ɗaya, duk wanda ya rubuta sunansa a cikin masu sauraro ya sami nasa kwafin. An ce "an saka naira kaza a asusu kaza", sai sashen tes ya ɗauki nasa, sashen imel ya ɗauki nasa, masu farautar 'yan damfara su ɗauki nasu, kowa da saurinsa, ba mai jiran wani. Akwai mai sauraro irin na rediyo, wanda in ya kashe akwatinsa labarin ya wuce shi ke nan. Akwai kuma wanda ya yi rajista mai ɗorewa, kamar mutumin da mai jarida ke ajiye masa kwafinsa ko ya yi tafiyar mako biyu, ya dawo ya tarar da su a jere. Wannan tsari ba na banki kaɗai ba ne. A 1999 injiniyoyi biyu, Andy Stanford-Clark da Arlen Nipper, suka tsara MQTT don na'urorin da ke kan bututun mai a daji su riƙa shelanta halin da suke ciki ta tauraron ɗan'adam.

Daga nan mai shago ya kamata ya ɗauki darasinsa. Alat ɗan rakiya ne, ba shi ne amarya ba. Kuɗi na iya zama daram a asusu alhali tes ɗin yana can a bayan dubbai, sannan bayan ya fita daga banki sai ya sake bin layin kamfanin waya. Haka kuma tes na iya zuwa ba kuɗi, domin ɗan damfara na iya ƙirƙirar saƙo mai kama da na banki. Yawancin 'yan kasuwarmu sun jingina amanarsu a kan mafi raunin saƙonnin, sun bar mai ƙarfin, wato duba ragowar kuɗi a manhajar banki ko ta lambar da ake dannawa. Abin yana ba ni takaici, musamman da na san wanda aka kwashe wa buhunan shinkafa da alat na bogi.

Amma wurin da gizo ke saƙa shi ne karɓar saƙon, kuma nan nake so mai karatu ya ɗan zauna. Hanyar karɓa iri biyu ce. Ta farko, da zarar mai karɓa ya ɗauki saƙo dillali ya goge shi daga layi. Tana da sauri, sai dai in mai karɓan ya faɗi kafin ya gama aiki, saƙon ya tafi har abada. Kamar ka ba yaro kuɗi ya kai wa mai nama, ka soke bashin a littafinka tun yaron bai fita zaure ba. Ta biyu, dillali ya miƙa saƙon amma bai goge ba, ya dai ɓoye shi daga sauran masu karɓa na ɗan lokaci, yana jiran a dawo a ce masa "ya shiga hannu". A tsarin SQS na kamfanin Amazon wannan jira daƙiƙa 30 ne, in ba a sauya shi ba. Lokacin ya cika ba amsa, sai saƙon ya sake bayyana a layi wani ya ɗauka.

Yanzu ga matsalar. Ka aiki yaro da kuɗi, magariba ta yi bai dawo ba. Ko dai ya yar da kuɗin a hanya, ko kuma ya kai lafiya, a hanyar dawowa ya tsaya kallon ƙwallo. Daga inda kake zaune shirun iri ɗaya ne. In ka sake aika wani yaro da wasu kuɗin, mai yiwuwa ka biya sau biyu. In ka ƙi, mai yiwuwa mai nama bai ga ko sisi ba. Kamar ka kira sunan mara lafiya a asibiti bai amsa ba: ya tafi gida ne, ko ya riga ya shiga ɗakin likita ta ɗaya ƙofar? Kamar ka rafka sallama a ƙofar gida ba a amsa ba: ba kowa ne, ko an amsa iska ta tafi da muryar? Dillali ma haka yake, ba shi da hanyar bambance mai karɓan da ya mutu kafin aiki da wanda ya gama aiki amsarsa ta ɓata a hanya. Wannan ba sakacin injiniya ba ne, haka lamarin yake a duk inda saƙo zai iya ɓata. Dole a zaɓi ɗaya: ko a yarda wani saƙo ya ɓace wani lokaci, ko a yarda wani ya zo sau biyu. Inda ake maganar dukiyar mutane, na biyun ake zaɓa.

To me ke hana a cire kuɗi sau biyu? Littafin uwar adashi. Mace ta aiko da zubinta na wannan mako ta hannun 'yarta, da yamma ta manta ta sake aiko ɗanta. Uwar adashi mai hankali takan buɗe littafi ta ce, "Koma ka ce wa Innarka zubinta ya riga ya shigo." Abin da ya cece ta shi ne kowane zubi yana da suna da mako. Haka kowane saƙo yake ɗauke da lambarsa, kuma aikin mai karɓa ne ya duba ko ya taɓa ganin lambar kafin ya taɓa asusun kowa. Doguwar lambar nan mai alƙaluma 30 da ke jikin rasit ɗin taransifa tsakanin bankuna, wadda yawancinmu ba ma ko kallo, da ita ake bin sawun ciniki. Amma littafin yana gane maimaicin saƙo ɗaya ne kawai. In kai da hannunka ka sake danna "tura", sabon ciniki ka buɗe da sabuwar lamba, kuma a idon na'ura mutum ne mai son biya sau biyu. Dukansu za su iso, na farko daga layi, na biyu a bayansa. Daga nan sai roƙon wanda ya karɓa ya ji tsoron Allah ya maido.

Akwai saƙon da ko sau nawa aka gwada ba ya karɓuwa, wataƙila lambar asusun ta gurɓace ko wani bayani ya yanke. In aka bar shi zai riƙa dawowa yana cin lokacin na bayansa, kamar kwanon da dutse ke ciki yana tsayar da injin. Don haka bayan wasu gwaje-gwaje, sau 10 a tsarin Service Bus na Microsoft in ba a sauya ba, sai a ɗauke shi a kai wani layi na gefe, na matattun wasiƙu, sunan da aka aro daga gidan waya. Daga nan aikin na'ura ya ƙare, sai ɗan'adam ya zo ya buɗe ya duba.

A nan ne nake ganin laifin bankuna, ba inda dattijon Kwari ya nuna ba. Tsawon layi abu ne da ake gani a allo daƙiƙa bayan daƙiƙa, kuma ba wanda bai san ranar biyan albashi ko ranar Sallah ba. Ƙara masu karɓa kafin cunkoso kuɗi yake ci, haka ɗaukar ma'aikatan da za su zauna kan matattun wasiƙu. Tun watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade awa 48 don maido kuɗin da na'urar ATM ta wani banki ta cire ba ta bayar ba, da awa 72 ga cinikin POS da na intanet da ya samu matsala. Duk wanda ya taɓa cika fom a zauren banki aka ce masa ya dawo bayan kwana bakwai na aiki ya san tazarar da ke tsakanin takarda da aiki. Su kuma hukumomin da suka kora jama'a gaba ɗaya zuwa taransifa cikin 'yan makonni a 2023, da sun fara tambayar injin nawa ke wurin niƙan kafin su ce kowa ya kawo kwanonsa rana ɗaya, da wahalar ba ta kai yadda ta kai ba. Sai da Kotun Ƙoli ta sa baki ranar 3 ga Maris na shekarar, ta ce tsofaffin takardun su ci gaba da aiki.

A Kwari dai, ɗan Alhaji ne ya raba gardamar. Ya dawo daga sallar la'asar ya tarar da mu jugum-jugum, ya ce, "Baba, kawo wayar." Ya buɗe manhajar banki, ya duba shigar kuɗi na ranar, ga sunana ga adadin, da lokacin da na tura daidai. Kuɗin sun fi rabin awa a asusun muna tsaye muna kallon juna. Alhaji ya miƙo mini ledar da hannu biyu yana ba ni haƙuri, ya karɓi lambata. Ina cin tuwon dare bayan isha'i ya kira ni: "Malam, yanzun nan alat ɗinka ya shigo."