Dajin Falgore da Jujin Ƙasan Tafki

Da rani, idan manomin Tudun Wada ko Kiru ya fasa tsohon juji don kai taki gona, diga takan tono masa tarihin gidan. A sama leda ce da matattun batura da tsinkakken silifas. In ya ƙara nutsawa sai toka da ɓawon gyaɗa. Can ƙasa kuma sai tsingaro da sakaina, wani lokaci har da wuri. Ba wanda ya jera su haka, na ƙasa ne kawai ya riga na sama zuwa.

Tafki ma juji ne, sai dai iska da ruwa ke yi masa zubi. Kowace shekara ƙurar furen ciyawa da ta itatuwa tana faɗawa ciki, ta kwanta a laka, kuma ɓawonta ba ya ruɓewa matuƙar iska ba ta kai gare shi. Masu bincike kan kafa bututu su zaro lakar, su yanka ta sala-sala, su duba a madubi mai ƙara girman abu. Ƙurar kowane dangin tsiro da siffarta: ta ciyawa ƙwallo ce mai huda ɗaya, ta dangin gabaruwa kuwa dunƙule ce mai gida-gida. Awon kabon kuma shi ke faɗin shekarun kowane sala.

Ruwan Tiga da ke arewa da dajin Falgore sabon gida ne, a 1974 aka gama madatsarsa, jujinsa bai yi kauri ba. Mai son jin labarin ƙarshen zamanin ƙanƙara, wajen shekara 11,700 da suka wuce, sai ya nufi tafkin Tilla kusa da Biu, wanda ke zaune a bakin mataccen dutse mai aman wuta. Ulrich Salzmann da abokan aikinsa sun fitar da sakamakon lakarsa a 2002, kuma a taswira Biu da Falgore kusan layi ɗaya suke daga gabas zuwa yamma.

A ƙasan lakar ciyawa ce ta yi rinjaye, itatuwa jefi-jefi. Lokacin ƙanƙara ta danne arewacin Turai da Amurka, teku ta ja baya da kusan mita 120, damina ta yi rauni, Sahara ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomita. Dogayen jigayin da suka miƙa arewa maso gabas da Kano zuwa Haɗeja, waɗanda A. T. Grove ya bayyana a 1958, ragowar tudun rairayin irin wannan zamanin ne, yau ana noma gero a kansu. Da wuya a ce doka da maɗaci sun yi cunkoso a bakin Kogin Kano a lokacin kamar yadda matafiyin Jos ke gani yanzu a Falgore.

Sai lakar ta canja. Juyin duniya a kan hanyarta ya ƙara wa bazarar arewa zafi, zafin ya jawo iskar damina daga teku zuwa can cikin hamada. A Tilla aka fara ganin ƙurar itatuwan da yau sai an gangara kudu ake samunsu. Tafkin Chadi ya haura murabba'in kilomita 300,000, gaɓarsa ita ce tudun da ya bi ta Bama da Maiduguri. Kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya a Yobe, ya kai shekara 8,000, kuma da itacen maɗaci aka sassaƙa shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne toka. Kamar a jujin gida, gawayi bai yanke ba a lakar Tilla, ko a shekarun da ruwa ya fi yawa. Ke nan daji irin na Falgore da gobara ya tashi, ya saba da ita, doka tana ƙonewa ta sake toho daga saiwa. Shi ya sa buhunan gawayin da ake jibgewa a bakin titi suka fi tayar mini da hankali a kan wutar kaka, domin dajin ya yi dubban shekaru yana matsowa, iri bayan iri, injin yanka kuwa a wuni ɗaya yake share fili.

Daga wajen shekara 7,000 da suka wuce ruwa ya fara ja da baya sannu a hankali, itatuwan kudu suna raguwa a lakar. Zuwa shekara 4,000 baya, ciyayin yankin Biu sun kusa komawa yadda muka san su yau.