Wa Ya Kori Waƙar Boston?

A 1770 wani majemi a birnin Boston na Amurka, William Billings, ya buga littafin waƙoƙin coci da ya tsara da kansa. Ba kiɗa, muryoyi zalla: wannan sashe ya ɗauko baiti, wancan ya biyo shi a guje, har su haɗe. Ƙauyukan yankinsu na New England suka karɓi wannan waƙa hannu bibbiyu. Amma kafin tsakiyar ƙarni na 19, ko ka zaga manyan cocin Boston da ƙyar ka ji ɗuriyarta. Ina ta shiga?

Yaƙin neman 'yancin Amurka na fara zargi. Sai dai a lokacin yaƙin ne ma waƙarsa "Chester" ta yi tashe, har sojoji na rera ta. Yaƙi ya fita daga zargi.

To ko mutuwar mai ita? Billings ya rasu a 1800 cikin talauci, kabarinsa ko alama babu. Amma takwaransa a tsara waƙa Daniel Read ya rayu har 1836, kuma yana ji yana gani salon ya dushe. Ashe akwai hannu. Na wa?

Na masu ilimi. Sun ce waƙar ƙauyanci ce, ta karya ƙa'idar Turai ta haɗa muryoyi. Jagoransu Lowell Mason ya fitar da littafinsa a 1822, a 1838 kuma aka shigar da darasin waƙa makarantun gwamnati na Boston a hannunsa. An kama mai laifi ke nan. To ina gawar?

Babu gawa. Kudu ta yi!

Tun 1801 littafin The Easy Instructor ya ba sautuka siffofi huɗu: mai kusurwa uku "fa", zagayayye "sol", murabba'i "la", mai kama da lu'ulu'u "mi". Da wannan dabara manomin da bai taɓa shiga ajin kiɗa ba yana kallon siffa ya san sautin. Malaman waƙa masu yawo suka bi ƙauyuka da ita yamma da kudu, har a 1844 B. F. White da E. J. King suka fitar da The Sacred Harp a jihar Jojiya. Abin da ya fi burge ni shi ne har yau a Jojiya da Alabama mutane na zama sahu huɗu suna fuskantar juna, mai jagora a tsakiya. Su fara rera sunayen siffofin, sannan kalmomin, da iya ƙarfin murya. Buɗe littafin nasu, za ka tarar da "Easter Anthem" da "David's Lamentation", dukansu na majemin nan.