Da aka garƙame Kasuwar Gumi, damina ba ta jira kowa ba

Ranar 26 ga Maris, 2020 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta kafa dokar hana fita ba dare ba rana a Jihar Kaduna saboda annobar korona. Bayan kwana biyu gwamnan ya sanar cewa shi ma ya kamu, ragamar yau da kullum ta koma hannun mataimakiyarsa, Dakta Hadiza Balarabe. Babbar Kasuwar Kaduna, wato Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, aka garƙame ta, aka buɗe ƙananan kasuwannin wucin gadi a harabar makarantu domin a sayi abinci a ranakun da aka ware.

Cefane ya samu mafita ke nan. Noma fa?

Lokacin kullen shi ne daidai lokacin sharar gona. Manomin Igabi ko Giwa da ke shirin shuka masara yana buƙatar iri, taki, maganin ciyawa da injin feshi na goyo, kuma ba a ƙofar masana'anta yake sayensu ba. Wurin ɗan shago yake zuwa, wanda ya san shi, ya san gonarsa, yakan ma ba shi bashi zuwa kaka. Shi ne zai gaya masa murfi nawa na magani ake zubawa a tanki guda. A takarda an keɓe abinci da kayan noma daga dokar, amma idan shagon nan na kulle, kayan da masana'anta ta sarrafa a sito za su kwana.

Su ma masana'antun sun ji jiki. Takin NPK da ake haɗawa ƙarƙashin shirin takin shugaban ƙasa, wanda ya samo asali daga yarjejeniya da Maroko a 2016, sai an tattaro kayan haɗinsa daga nesa: sinadarin fosfet ta jirgin ruwa, yuriya daga Jihar Ribas. Da aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, kowace tirela sai ta ratsa shingaye bila adadin, direbobi kuma suka yi ta kokawa kan ɓata lokaci da na goro. Gwamnatin tarayya ta rage farashin buhu daga naira 5,500 zuwa 5,000 a waccan shekarar. Ragi ne mai kyau, sai dai takin da ya iso bayan masara ta kai gwiwa amfaninsa kaɗan ne.

Masu kiwon kaji sun fi kowa shan wuya. Makarantu da otal-otal da wuraren biki suna rufe, ƙwai ya taru babu mai saye, ga kaza ba ta san da doka ba, kullum sai ta ci. Sannan masara ta yi tashin gwauron zabo. Kamfanonin abincin kaji, irin katafaren na Olam da aka buɗe a Chikun a 2017, da masara da waken soya suke aiki. A Yulin 2020 Babban Bankin Najeriya ya hana dala ga masu shigo da masara. Kafin Satumba ta ƙare sai ga gwamnati ta saki tan 30,000 daga rumbunta ga masu haɗa abincin dabbobi, ta kuma bai wa kamfanoni huɗu izinin shigo da tan 262,000.

Akwai wasu masu ƙera kayan noma da ba a cika tunawa da su ba: maƙeran kasuwar Panteka a Kaduna. Daga tsohon ƙarfe suke fitar da injin casar masara da na niƙa da na markaɗe, da kuɗin da ƙaramin manomi zai iya biya. Injin ƙauye in ya lalace, nan ake kawo shi a yi masa walda. Wannan ma masana'anta ce, ko da ba ta da allon suna a bakin titi.

An sassauta kullen a Yuni, bayan kusan kwana 75, amma manyan kasuwanni sun ci gaba da zama a rufe. Babu mai musun cewa kare rai ya wajaba. Abin da ya rage ga hukumomin jiha da ƙungiyoyin 'yan kasuwa shi ne su rubuta tsari tun yanzu domin irin wannan kulle nan gaba, a sanya mai shagon iri da taki, da maƙerin Panteka, da direban da ke ɗauko yuriya, cikin masu aikin da ba a dakatarwa, kowa da shaidar da jami'in kan shinge zai mutunta.