Raunin da Ba Ya Jini: Me Ke Wuyan Shugaba?

A shekarar 1807, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya ja rundunar jihadi a Tabkin Kwatto, kuma daga baya ya zauna a Boɗinga, ya bar mayaƙa ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Abokansa da yawa sun kwanta dama a fagen fama, halin wasu da suka rage kuma ya ɓata masa rai. Mutanen Kano ne suka tsai da shi, ya rubuta musu littafin Liya'ul Hukkami, sannan ya koma gida. Ashe ko gwarzo zuciyarsa takan gaji.

Masana kimiyya sun gano yadda haɗari ke taɓa jiki. Da zarar mutum ya hangi mutuwa, wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa mai suna amigdala yakan ta da jiki, sinadaran adirenalin da kotisol su kwarara cikin jini, zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Wannan shiri na ceton rai ne. Amma a wajen wasu, ba ya lafawa bayan haɗarin ya wuce. Sai mugun mafarki, da rashin barci, da firgita, da saurin fushi su biyo baya. A 1980 ne likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sanya wannan larura cikin jerin cututtuka.

Larurar takan kama wanda bai taɓa riƙe bindiga ba. A watan Afrilun 2022, kwalekwale ya kife a Gidan Magana cikin ƙaramar hukumar Shagari, fiye da mutum 20 suka rasu, akasarinsu matasa. Masu ninƙayar da suka tsamo gawawwakin, da 'yan sintiri, da jami'an kiyaye haɗurra a hanyar Sakkwato zuwa Jega, duk suna ganin abin da ke iya hana barci.

To, ina shugaba ya shigo? Wani bincike kan sojojin Birtaniya a Afganistan, wanda aka buga a 2012, ya nuna cewa waɗanda suka yaba da shugabanninsu da haɗin kan rundunarsu sun fi ƙarancin alamun wannan larura. Shugaba ne ke raba lokacin hutu, shi ke fara lura idan mai fara'a ya koma shiru, shi ne kuma zai hana a kira mai neman taimako rago. Idan alamun suka wuce wata guda, wajibinsa ne ya tura mutum wurin likita, misali Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware.

Haka nan shugaban makarantar da ke yankin da 'yan bindiga suka addaba ya kamata ya lura da malamansa. Shi kansa ma yana bukatar mutanen da za su tsai da shi su saurare shi, kamar yadda Malam Abdullahi ya samu a Kano.