Mai gidan haya ya ce ba zai sabunta ba: wata nawa doka ta ba ki?

Uwargida, idan a gidan haya kike, kin san saƙon da ke hana barci: "Idan kuɗinku ya ƙare ku nemi wani wuri, ina buƙatar gidana." Nan take hankali zai tafi kan makarantar yara da ke bayan layi, da masu sayen ɗan abin sana'arki da suka saba da ƙofar gidan, da kuɗin sabon gida da na dillali waɗanda ba a tanada ba.

Mu fara da mai ɗacin. Gida nasa ne, kuma in dai takardar yarjejeniyarku ba ta ba ku damar sabuntawa ba, yana da ikon ya ƙi. Abin da doka ta ba ki a Najeriya shi ne lokaci, da kuma matakan da dole ya bi kafin ya karɓi makullinsa.

Kowace jiha da dokarta, amma ta Abuja da ta Legas ta 2011 sun isa misali. A duka biyun, mai biyan haya wata-wata notis ɗin wata ɗaya ake ba shi, mai biya duk wata uku a ba shi na wata uku, mai biyan shekara-shekara kuwa na wata shida. A rubuce ake bayarwa. Maganar baki a bakin ƙofa, ko aiko yaro ya ce "Alhaji ya ce ku tashi", ba notis ba ne.

Sai dai akwai inda mutane da yawa ke tuntuɓe. Wannan lissafin yana aiki ne idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba. In an rubuta cewa notis na wata ɗaya ne kuma an sa hannu, to wata ɗayan ne. Haka nan idan hayar mai ƙayyadadden wa'adi ce, aka rubuta ranar shiga da ranar fita, to tana ƙarewa da kanta ranar da aka rubuta, ba sai an ba ku wata shida ba. Ke nan bambancin wata shida da 'yan kwanaki yana cikin wata takarda da mata da yawa ba su taɓa gani ba, don maigida ne ya sa hannu ya jefa a jakarsa. Ki nemi ya nuna miki yau, ki ɗauki hotonta a waya, shafi-shafi.

To wa'adi ya cika, ba ku samu wuri ba, sai me? Har yanzu ba shi da ikon fitar da ku da hannunsa. Dole ya sake ba ku takarda ta biyu, ta kwana 7, yana sanar da ku cewa zai je kotu neman gidansa. Bayan nan ya shigar da ƙara, a kira ku, alƙali ya saurari kowa. Ma'aikatan kotu ne kaɗai ke fitar da kaya, su ma sai da umarnin alƙali.

Cire ƙofa, kware rufin ɗaki ana tsakiyar damina, sauya kwaɗo kina kasuwa, turo 'yan daba: duk doka ba ta yarda ba, kuma za ku iya neman diyya a kotu. Dokar Legas ma ta mai da irin wannan laifi, da tarar da za ta iya kai naira 250,000 ko ɗaurin da zai iya kai wata shida. Idan aka yi miki, ki ɗauki hoto da bidiyo, ki kira maƙwabta su shaida, kada ki biye masa da zagi. Barazanar "zan sa a kulle mijinki" kuma fa? Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, rikicin haya kuwa na kotu ne.

Kada wannan ya sa a miƙe ƙafa. Duk kwanan da kuka ƙara bayan wa'adi, kotu na iya sa ku biya kuɗinsa. Kuma a 2021, a shari'ar Pillars da Desbordes, Kotun Ƙoli ta nuna cewa kuskure a takardar notis ba zai zama mafakar zama a gidan mutum shekara da shekaru ba, da zarar an shigar da ƙara an kai wa ɗan haya sammaci. A ganina, wanda ya samu wata shida ya fara neman gida tun a watan farko.

Sau da yawa ma sulhu ya fi kotu sauri da arha. Ku nemi mai unguwa ko wani dattijo da mai gidan ke jin nauyinsa, ku roƙi abu takamaimai: a bar ku yara su gama zangon karatu, ku biya kuɗin watannin. In ya amince, a rubuta a sa hannu. In abin ya ƙi kuma babu kuɗin lauya, akwai hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa, wato Legal Aid Council, da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA.

Ki haɗa rasit ɗin kowace shekara wuri ɗaya, har da saƙon banki idan ta waya kuke turawa, domin su ne za su nuna ko shekara-shekara kuke biya ko wata-wata. Ranar tashi kuma ki ɗauki hoton kowane ɗaki da lambar mitar wuta kafin a miƙa makulli, musamman idan kun ajiye kuɗin gyaran ɓarna lokacin shiga kuna son a dawo muku da shi.